Ƙahon saniya da hatimin mai bincike

Kowace shekara, da zarar an gama tsinkar inabi a ƙasar Faransa, wajen watan Oktoba, akwai masu gonaki da kan tara ƙahonin shanu, su ɗura musu ɗanyen kashin saniya, su haƙa rami su binne. Ƙahonin kan yi hunturu sukutum a cikin ƙasa. Idan sanyi ya wuce sai a tono su, a zazzage abin da ke ciki, wanda a lokacin ya rikiɗe ya zama baƙi mai laushi marar wari, a auni kamar garam 100 a zuba a ruwa, a yi ta motsawa sa'a guda cur, a juya dama har ruwan ya yi rami a tsakiya, sannan a juya hagu. Wannan ruwa shi za a yayyafa wa gona mai faɗin ekta guda. Kada mai karatu ya ɗauka aikin wasu ƙauyawa ne da boko bai kai gare su ba. A cikin masu yin sa akwai tsohon ma'aikacin babban banki, akwai kuma gidajen da kuɗin kwalbar giyarsu guda ya fi albashin shekara na malamin makaranta a ƙasarmu. Sunan wannan noma biyodinami.

Na san abin da za a ce: ina ruwan biri da gada? Giya ba abin shanmu ba ce, ba kuma hajarmu ba ce, inabi kuwa sai dai mu gan shi a kwali a manyan kantunan Yamai. Haka ne. Abin da ya ja hankalina shi ne ƴar takardar da ke manne a bayan kwalbar, mai ɗauke da tambarin Demeter ko na Biodyvin, wadda ke shaida wa mai saye a Tokiyo ko a Landan cewa an noma inabin bisa wata ƙa'ida. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin an tsayar da kayansa a iyaka don rashin wata takarda, da duk ma'aikacin da hatimi yake cikin aljihun teburinsa, sun san nauyin wannan magana. Ni a ganina tambarin biyodinami yana faɗin gaskiya game da aikin da manomi ya yi, amma ba shi da ta cewa kan ko ƙahon saniyar yana da wani amfani. Abubuwa biyu ne daban, kuma kuɗi masu yawa suna gudana ta hanyar rashin rarrabe su.

Asalin al'amarin daga mutum ɗaya ne, Rudolf Steiner, masanin falsafa ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya kafa wata aƙida da ake kira antiroposofi. Bai taɓa riƙe fartanya don neman abinci ba. A watan Yunin 1924 wasu masu manyan gonaki da ke kukan ƙasarsu ta gaji, irinsu ya lalace tun zuwan takin zamani, suka gayyace shi wani gari mai suna Koberwitz, wanda yau yake cikin ƙasar Polan. Can ya yi musu lacca takwas, ya rasu a shekarar da ta biyo baya, 1925. Cikin abin da ya faɗa akwai magana mai hankali da kowane manomin Gobir zai yarda da ita, wato gona jiki guda ce, dabba ta ci daga gona, gona ta ci daga dabba, kada a dogara da abin da za a sayo daga waje. Akwai kuma abin da ya wuce hankali. Ya ce ƙahon saniya yana tara wani ƙarfi da ke saukowa daga sararin sama. Ya umarci a niƙa farin dutse a zuba a ƙaho a binne lokacin zafi, a feshe ekta guda da ƴan garam kaɗan. A ɗura furen wani tsiro a mafitsarar namijin barewa. A zuba ɓawon itace a ƙoƙon kan dabba a nutsa shi a wuri mai laima. Daga baya aka bai wa waɗannan haɗe-haɗe lambobi, daga 500 zuwa 508, kamar magungunan asibiti. Wata Bajamushiya, Maria Thun, ta ƙara da kalandar da take fitarwa kowace shekara tun farkon shekarun 1960, wadda ta raba kwanaki bisa inda wata ya sauka cikin taurari: ranar saiwa, ranar ganye, ranar fure, ranar ƴaƴa.

Da a ce wani dattijo a ƙauyen Dakoro ne ya zo da wannan bayani, da jami'an aikin gona sun rubuta a rahotonsu cewa camfi ne ke hana ci gaba. Da yake da Jamusanci aka faɗa, sai ya zama falsafa. Wani abin dariyar kuma shi ne Steiner kansa yana kallon giya a matsayin cikas ga wanda ke neman ɗaukakar ruhi, amma yau masu giya su ne suka fi kowa ɗaga sunansa a duniya.

Yadda masu inabi suka faɗa ciki yana da dalilinsa, kuma dalilin ba na wasa ba ne. Gonakin inabi ba su kai kashi 4 cikin 100 na ƙasar noman Faransa ba, amma an daɗe ana ƙiyasta cewa su ke shanye kusan kashi 20 cikin 100 na magungunan feshin ƙasar. Kurangar inabi tsiro ne mai laulayi, fumfuna ba ta barin ta, kuma bayan yaƙin duniya na biyu manoma suka saba da feshi har ƙasar wasu gonaki ta zama kamar daɓe. Nicolas Joly, wanda ya yi aiki a bankin J.P. Morgan kafin ya koma gonar gidansu ta Coulée de Serrant a kwarin kogin Luwar, ya ga haka da idonsa, ya fara gwada hanyar Steiner wajen 1980, ya mai da gonar gaba ɗaya a 1984. A yankin Burgonye, Lalou Bize-Leroy ta bi sahu daga 1988, gidan Leflaive ya biyo baya a shekarun 1990, har daga ƙarshe Romanée-Conti, wanda giyarsa ke cikin mafi tsada a duniya, ya shiga. Da manya suka shiga, sai kalmar ta yi farashi. Duk kalmar da ta yi farashi kuwa ɓarayi za su yi mata ca, shi ya sa aka buƙaci mai gadi.

Mai gadin farko shi ne Demeter, tambarin da aka fara amfani da shi a Jamus tun 1928, wanda ya girmi dokar noman biyo ta Tarayyar Turai, ta 1991, da fiye da shekara 60. Na biyu shi ne Biodyvin, na wata ƙungiyar masu inabi zalla da aka kafa a Faransa a 1995. Dukansu ba na gwamnati ba ne. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, su suka rubuta ƙa'idarsu, su ke bayarwa, su ke ƙwacewa. Wanda yake so sai ya fara samun takardar noman biyo ta hukuma, wadda ga tsiro mai shekaru irin inabi take cin shekara 3 na jira: ba takin zamani, ba maganin ciyawa, ba maganin ƙwari na masana'anta. A kan wannan sai a ɗora sharuɗɗan ƙungiya. Gonar duka za a juya, ba a yarda mutum ya ware lungu guda don talla ba. Dole a yi amfani da haɗe-haɗen Steiner. A ɗakin matsa inabi ma akwai iyaka: sinadarin farar wuta da ake zubawa don kada giya ta lalace, doka ta yarda da miligaram 150 a lita ga jar giya, noman biyo 100, Demeter na Faransa kuwa 70. Kowace shekara mai bincike daga wani kamfani dabam, irin su Ecocert, yakan zo ya zaga gona, ya buɗe rumbun ajiya, ya duba takardun saye da littafin feshi, idan ya ga dama ya ɗebi ganye ko ƙasa ya kai ɗakin awo. Manomi ne ke biyan kuɗin zuwansa, shi ne kuma ke biyan kuɗin ƙungiya.

To, me mai binciken nan yake iya gani? Yana iya ganin ko an sayi maganin da aka hana. Yana iya ganin ramin ƙahoni da gangar motsa ruwa da ranar da aka rubuta an yi feshi. Iyakar shaidarsa ke nan, kuma shaida ce ta gaskiya. Ba aikinsa ba ne ya auna ƙarfin da ya sauko daga taurari, ba shi ma da ma'aunin. Kalandar wata da ake ta yayatawa a jaridu, ita kanta shawara ce ga manomi, ba ta cikin sharuɗɗan da ake ƙwace tambari a kansu.

Masu ma'aunin su ne malaman kimiyya, kuma sun gwada. A ƙasar Suwis, kusa da birnin Bal, akwai wata gonar gwaji da ake kira DOK, inda tun 1978 ake noma alkama da dankali da sauransu ta hanyoyi uku kafaɗa da kafaɗa: biyodinami, biyo, da noman zamani. Sakamakon shekara 21 da aka buga a mujallar Science a 2002 ya nuna amfanin gona a ɓangaren biyo da biyodinami ya ragu da kamar kashi 20 cikin 100, amma ƙasarsu ta fi rai, kuma abin da suka kashe na taki da makamashi ya ragu da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Mabiya Steiner kan kafa hujja da wannan, suna cewa filayensu sun ɗan zarce na biyo. Sai dai a gwajin ba ƙaho kaɗai ya raba filayen ba, yadda ake ruɓar da takin ma ya bambanta, saboda haka ba a iya cewa ga wanda ya yi aikin. Gwajin da ya fi kusa da tambayarmu shi ne na Jennifer Reeve da abokan aikinta a wata gonar inabi ta Kalifoniya, wanda aka buga a 2005. Sun raba gona, suka yi wa kowane ɓangare noman biyo iri ɗaya, suka ƙara wa wasu haɗe-haɗen Steiner kawai. Bayan shekaru ba su sami bambanci a ingancin ƙasa ba. A ƴaƴan inabin sun ga ɗan bambanci ƙanƙane da bai isa a gina gida a kai ba. Jami'ar Geisenheim ta Jamus, wadda ta fara nata gwajin a gonar inabi a 2006, ita ma ta tarar babban rami yana tsakanin noman zamani da na biyo, tsakanin biyo da biyodinami kuwa tazarar kaɗan ce. Fiye da shekara 100 ke nan da laccar Koberwitz, kuma ƙahon bai kawo shaidarsa ba.

Amma adalci ya sa in kawo hujjar ɗaya ɓangaren, don tana da ƙarfi. A 2021 wasu masana tattalin arziki biyu, Magali Delmas da Olivier Gergaud, suka tattara makin da ƙwararrun masu ɗanɗano suka bai wa giyar Faransa fiye da 128,000. Suka tarar masu takardar biyo sun fi sauran maki, masu tambarin biyodinami sun fi kowa, waɗanda kuwa suka yi wa kansu kirarin kula da muhalli ba tare da wani ya zo ya duba ba, ba su fi kowa da komai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ni dai fassarata ita ce: mutumin da ya hana kansa maganin gaggawa dole ya kwana a gonarsa ya tashi a gonarsa, ya san kowace kuranga, ya ga cuta tun tana ɗigo guda. Wanda zai tsaya sa'a guda yana motsa ruwa da asuba ba zai yi sakaci da sauran aiki ba. Ga shi kuma mafi yawan waɗanda suka fara shiga masu gonaki ne na gari tun asali, masu kuɗin ɗaukar ma'aikata. Ƙahon ya zama kamar rantsuwa da ke ɗaure mutum ga gonarsa. Rantsuwa tana da amfani, amma ba ita ce taki ba.

Abin da ya sa ban raina tambarin ba shi ne yana da haƙora. Château Pontet-Canet, babban gida mai ekta kusan 80 a yankin Bordo, ya fara juyawa a 2004. A 2007 damina ta yi yawa, fumfuna ta taso, mai gidan, Alfred Tesseron, ya ga shekara za ta tafi a banza, ya sa aka yi feshin maganin zamani. Ba a ce masa ai kai babba ne, a rufe ido ba. Lissafi ya koma sifiri, sai a 2010 ya sami takarda. Da irin wannan shekara ta dawo a 2018, gidan ya daure bai yi feshin ba, ya yi asarar fiye da rabin amfaninsa. Wannan ita ce ainihin hajar da mai saye ke biyan kuɗinta: tabbacin cewa ranar da ƙa'ida ta yi tsada, an bi ta, ko kuma an ƙwace tambari. Sai dai mu lura, Pontet-Canet yana da abin da zai jure asarar rabin shekara. Mai ekta 5 da bashin banki a wuya ba shi da shi, kuma shi ma kuɗin mai bincike bai yafe masa ba. Akwai ƙananan manoma da ke bin hanyar sau da ƙafa amma ba sa neman takarda, akwai kuma masu ambaton kalmar a bakin ciniki ba su taɓa ganin ƙaho ba. A idon mai saye daga nesa duk ɗaya suke.

Akwai kuma abin da tambarin ba ya so a yi magana a kai, wato jan ƙarfe. Tun shekarun 1880, lokacin da Millardet ya gano haɗin nan na Bordo, ruwan jan ƙarfe da farar ƙasa shi ne babban makamin masu inabi a kan fumfuna, kuma da biyo da biyodinami duk sun dogara da shi, don ba su da wani. Jan ƙarfe ba ya ruɓewa. Yana taruwa a ƙasa shekara bayan shekara, idan ya yi yawa yana cutar da tana da ƙananan halittun da ake cewa ana karewa. Daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a ekta cikin shekara 7, Demeter ya tsaya a kan matsakaicin kilo 3 a shekara. Ragi ne na gaske, amma gona mai tambari gona ce da ake yi wa feshi, a shekarar ruwa ma taraktanta ya fi na maƙwabci zirga-zirga. A watan Mayun 2014, a ƙauyen Villeneuve da ke yankin Bordo, ƴan makaranta 23 da malamarsu suka kamu da ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro bayan an yi feshi a gonaki biyu da ke jikin makarantar. Ɗaya daga cikin gonakin ta noman biyo ce.

Inda maganar ta fi zafi shi ne inda aƙidar mutum ɗaya ta haɗu da gonar maƙwabcinsa. A 2013 kantoman yankin Côte-d'Or ya umarci duk masu inabi su yi feshin wani ƙwaro da ke yaɗa wata cuta mai kashe kuranga, wadda ba ta da magani sai tumɓukewa. Emmanuel Giboulot, manomin biyodinami a kusa da garin Beaune, ya ƙi, har da maganin da dokar biyo ta halatta, yana cewa zai kashe ƙwarin da ke taimakon gonarsa, kuma cutar ba ta ɓulla a wurinsa ba. A watan Afrilun 2014 kotu ta ci shi tarar yuro 1,000, wato kimanin jikka 656, aka jingine rabi. Mutane fiye da 500,000 suka sa hannu a takardar goyon bayansa. A watan Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta Dijon ta wanke shi, amma ƴan uwana ma'aikata su lura da dalili: kotu ba ta ce ya yi daidai a fannin noma ba, cewa ta yi umarnin kantoman bai cika sharaɗin doka ba, don bai sami amincewar ministan noma ba, ba a kuma nuna gaggawar da za ta sa a tsallake ta ba. Na ji daɗin ganin kotu ta tuna wa hukuma cewa ita ma doka tana hawa kanta. Duk da haka da ni ne maƙwabcin Giboulot, da ban yi barci mai daɗi ba a wannan shekara.

Ƙasar Italiya ce ta fuskanci tambayar kai tsaye. A watan Mayun 2021 majalisar dattawa ta amince da dokar noman biyo wadda a cikinta aka daidaita biyodinami da biyo, abin da zai buɗe masa ƙofar kuɗin gwamnati na tallafi da bincike da sunansa na kansa. Ƙuri'a 195 suka ce i, mutum ɗaya tak ya ce a'a, wato Elena Cattaneo, masaniyar kimiyya kuma sanata ta din-din-din. Sai malaman jami'a suka taso, cikinsu har da Giorgio Parisi wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fizik a shekarar, kuma a watan Fabrairun 2022 majalisar wakilai ta cire wannan daidaitawa kafin dokar ta wuce. A ganina sun yi daidai. Ƙungiya mai zaman kanta tana da ƴancin sayar da imaninta ga wanda ya yarda, muddin ba ta yi ƙarya kan abin da ta bincika ba. Manomin biyodinami kuma yana da haƙƙin duk tallafin da ake ba manomin biyo, tunda shi ma na biyo ne. Amma hatimin gwamnati na kowa ne, har da wanda bai yarda da Steiner ba, kuma ranar da aka buga shi a kan abin da ba a iya aunawa, darajarsa ta ragu a kan duk sauran takardun da ke ɗauke da shi.

Mu ma yanzu muna da tambari. A 2021 hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi rajistar albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan da sunansu yake ɗaure da wurin da suka fito da yadda ake yin su. An yi murna, kuma ta cancanta, musamman ga wanda ya tuna cewa a shekarun 2000 wani kamfanin iri na waje ya nemi mallakar sunan albasar Galmi, sai da manoma da hukuma suka tashi tsaye. Namu tambarin ma ya fi na Demeter sauƙin karewa, domin abin da yake shaida a kai ana iya gani: irin nan ne, a ƙasar nan aka noma, ta hanyar nan. Saura tambayoyin da ya kamata ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwar Tawa su riƙa yi wa ma'aikatar da abin ya shafa a kowace kakar albasa, da babbar murya: wane ne ke zuwa garka ya duba, wa ke biyansa, wa ke bin buhun daga Galmi har kasuwannin Akara da Abijan, kuma idan aka kama babban Alhaji ya cika buhu mai tambari da albasar wani wuri, wane ofishi ne zai aika masa takardar da aka aika wa Pontet-Canet a 2007?